Jinya a Matsayin Hujja: Nazarin Yadda Katolika ke Tunawa da Salihin Magidanci

Duk wanda ya saba karanta abin da mabiya ɗariƙar Katolika ke rubutawa bayan rasuwar wani salihi daga cikinsu, ko huɗubar ranar jana'iza ce ko kuwa littafin da 'ya'ya suka wallafa bayan shekaru, zai lura cewa hanya ɗaya ake bi: a fara da ibadar mamacin, a gangaro kan ɗawainiyarsa da iyali, sa'an nan a yada zango a kan jinyarsa, domin a wurinsu ciwon ajali shi ne hujjar da ke gaskata duk abin da ya gabata. Asalin wannan kuwa yana cikin aƙidarsu, wadda ta koyar da cewa mai ciwo yana iya miƙa wahalarsa ga Ubangiji, ya haɗa ta da wahalar da suka yi imani Almasihu ya sha, ta zama ibada. Almajirin da ya san littattafan manaƙib ba zai ji baƙunta a nan ba, sai dai manaƙib sun fi karkata ga karamomi, waɗannan kuwa ga haƙuri.

Inda wannan fanni ya haɗu da jarrabawa mai tsanani shi ne tarihin Louis Martin, mai sana'ar agogo a garin Alençon na Faransa, wanda aka haifa a 1823. Rukunai biyu na farko, wato ibada da ɗawainiyar iyali, ba su wahalar da marubuta ba. Mutumin ya so shiga zuhudu yana saurayi, aka mayar da shi saboda bai san Latin ba. Ya auri Zélie Guérin, mai saƙar leshi, a 1858. Suka haifi 'ya'ya tara, huɗu suka rasu suna ƙanana. Ciwon dajin mama ya ɗauke matar a 1877, ya kwashi 'yan mata biyar ya koma Lisieux ya rene su, kuma dukkansu zuhudu suka shiga daga bisani, har da autarsu Thérèse, wadda ta zama waliyyiyar da duniyar Katolika ta sani.

Amma jinyarsa ba irin wadda fannin ya saba da ita ba ce. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwarsa suka taɓu, hankali ya fara gushewa, har a watan Yuni na 1888 ya ɓace daga gida, sai bayan kwanaki aka same shi a Le Havre. A Fabrairun 1889 kuma aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Bon Sauveur da ke Caen, inda ya shafe shekara uku, mutanen gari na tsegumin cewa tafiyar 'ya'yansa zuhudu ce ta zautar da shi. To, a nan mas'alar take. Miƙa wahala aiki ne na niyya, niyya kuwa ba ta tabbata sai da hankali, kamar yadda malaman fiƙihu ma ba sa ƙirga wanda hankalinsa ya gushe cikin mukallafai. Ta yaya za a ce mutum ya yi haƙuri da abin da sau da yawa bai san yana faruwa da shi ba?

Dabarar da masu tarihinsa suka yi abar lura ce. Sun ɗauko niyyar suka ajiye ta gaban ciwon, suka dogara da ruwayar 'ya'yansa cewa, kafin al'amarin ya tsananta, ya shaida musu ya miƙa kansa hadaya ga Allah a cocin Alençon. Da haka shekarun gigita suka zama karɓar addu'a, abin da gari ke ɗauka abin kunya ya koma shaidar daraja. Ban ga dalilin ƙaryata ruwayar ba. Abin da nake tuhuma shi ne yadda take sauƙaƙa wa mai karatu, ta ba shi ma'ana tun kafin ya ɗanɗani ɗacin abin, ya wuce da sauri ta gaban dattijon da ya ɗauki bindiga cikin ruɗu yana zaton an zo cutar da 'ya'yansa, da kuma 'ya'yansa Céline da Léonie da suka tare a Caen na wani lokaci don su riƙa ganinsa. Ga kuma wata illa da fannin bai cika ambata ba: masu shaida su ne masu ƙauna, kuma kusan duk abin da muka sani game da zuciyar mutumin ta bakin 'ya'yansa ya fito.

Duk da haka sai a yi musu adalci, ba su goge sunan asibitin ba, alhali a Faransa ta wancan zamani iyalai masu mutunci rufe irin wannan suke yi. An mayar da shi gida a 1892 ƙafafu sun shanye, Céline ta yi jinyarsa har ya cika ranar 29 ga Yuli 1894, sa'an nan ta bi 'yan'uwanta zuhudu. Da Paparoma Francis ya ayyana shi da matarsa waliyyai ranar 18 ga Oktoba 2015, karo na farko da aka yi wa miji da mata haka tare, shekaru ukun nan na Caen suna cikin tarihin da aka gabatar.