Babi Na Uku: Gida da Gari a Littattafan Farko na Balaraba Ramat Yakubu

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin ƙagaggun labarai na Hausa tun daga gasar da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a shekarar 1933, har zuwa gasar Kamfanin NNPC ta 1979 da ta Hukumar Al'adu ta Tarayya ta 1982. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin duba abin da ya faru da ƙagaggen labari bayan da marubuci ya koma yana ɗaukar nauyin buga littafinsa da kansa, musamman littafinsa na farko. Tambayar da za a bi ita ce: idan marubuci ya ɗauko labarinsa daga gidansu da garinsu, kuma babu kamfani a tsakaninsa da mai karatu, me labarin yake samu, me kuma yake rasawa? An zaɓi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu domin yin misali, saboda littattafanta uku na farko sun fito ne a tsakanin 1987 da 1990, wato daidai lokacin da wannan hanya ta buga littafi take kafuwa a Kano.

3.1 Yadda Marubuci Ya Zama Kamfanin Kansa

Kafin tsakiyar shekarun 1980, duk wanda ya rubuta labari yana da ƙofa biyu ne kawai: ko dai ya jira a shirya gasa, ko kuma ya aika wa kamfani ya zauna jiran amsa. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya fi mayar da hankali ga littattafan da makarantu za su saya. Da tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, aka kuma shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sai takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ƙara ja da baya. A daidai wannan lokaci ne kuma yaran da suka shiga firamare a shirin ba da ilimi kyauta na 1976 suka tasa, ga kuma matan aure da suka koyi karatu a azuzuwan Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 1980. Masu karatu sun yawaita, abin karantawa ya yi ƙaranci.

Marubuta sai suka shiga neman kuɗi da kansu, su kai wa mai tafireta ya buga, su kai maɗaba'a, sannan su ɗauki littafin su rarraba wa masu shagunan littattafai. Ana yawan ambaton Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a matsayin ɗaya daga cikin na farko da suka bi wannan hanya. Ya kamata a lura cewa sunan maɗaba'ar da aka gani a jikin littafi na wannan zamani ba lallai ya nuna wanda ya zuba kuɗin ba, domin maɗaba'a takan yi aiki ne kawai a biya ta. Daga baya marubutan suka haɗa kai a ƙungiyoyi, kamar Raina Kama, wadda Balaraba take cikin shugabanninta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Ibrahim Malumfashi ya kira wannan yayi da sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya kāre marubutan a muhawarar da aka daɗe ana yi a jaridu a shekarun 1990. Wannan nazari ba zai sake buɗe waccan muhawara ba.

3.2 Littafin Farko da Matsalar Kunya

An saba cewa littafin farko shi ne wanda marubuci yake juye rayuwarsa a ciki. Akwai misali mai ƙarfi a Hausa da yake goyon bayan wannan magana, wato So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito a 1980 bayan gasar NNPC, kuma marubuciyar ta bayyana cewa auren yayarta da wani Balarabe ne ya ba ta tushen labarin. To amma wannan littafi ya bi ta hannun alƙalan gasa da editocin kamfani, sunan kamfani kuma ya zame wa marubuciyar inuwa.

Al'amarin Balaraba ya sha bamban. Abin da aka sani na rayuwarta, wanda ita da kanta ta sha faɗa a hirarraki, shi ne an cire ta daga makaranta tana ƙarama, aka yi mata aure tana da shekara 13 da wanda ya girme ta nesa ba kusa ba, auren bai daɗe ba ya mutu, sai daga baya ta koma neman ilimi a ajin manya. Duk wanda ya ji wannan zai zaci shi ne labarin da za ta fara rubutawa. Amma littafinta na farko, Budurwar Zuciya (1987), a kan wani Alhaji mai hali ya ginu, wanda ya mayar da auri-saki sana'a. Labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka aurar bai fito ba sai a 1990, a cikin Wa Zai Auri Jahila?

A ganin mai wannan nazari, wannan jinkiri yana da alaƙa da yadda ake buga littafin. Marubuciyar da ta buga littafinta da kanta ba ta da wurin ɓuya. Ita ce mai rubutu, ita ce mai biyan maɗaba'a, ita ce kuma za a nema idan wani ya ji an taɓa shi. Masu sayen littafin maƙwabta ne da dangi da ƙawaye, waɗanda suka san wane ne wane. Balaraba kuwa ba daga ɓoyayyen gida ta fito ba, domin ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce, kuma sunan Ramat yana nan a bangon littafin. A al'adar da ake ɗaukar tona asirin gida a matsayin babban abin kunya, mace ba za ta fara da nuna yatsa ga mahaifi da mijin fari ba. Saboda haka sai ta fara da halin da kowa ya san shi a gari, wanda kuma ba za a ce na gidan wane ba ne. Ko sunan littafin ma magana ce da Hausawa suka saba yi wa tsohon da zuciyarsa ta ƙi tsufa, don haka mai karatu yana iya yin dariya kafin ya ji zafin.

Duk da haka gida bai ɓace daga littafin farko ba. Alhajin ne babban tauraro, amma daga tsakar gida ake kallonsa, da idon matan da suke jiran a yi musu kishiya ko a miƙo musu takarda. Wannan shi ne sabon abin da aka samu. A yawancin littattafan da suka gabata, tun daga Ruwan Bagaja, tauraro namiji ne mai fita duniya, gida kuma wurin da ake barowa ne a shafin farko a komo masa a shafin ƙarshe. A nan kuwa mai karatu yana zaune ne a inda aka bar mata.

3.3 Ƙauye da Birni a Wa Zai Auri Jahila?

A wannan littafi ne marubuciyar ta matso kusa da kanta. Abu yarinya ce mai son karatu, mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka so a haɗa su, ya ƙi ta bayan ya yi boko, a kan cewa jahila ce. Sai aka aurar da ita tana da shekara 13 ga Sarkin Noma, mutumin da ya haura shekara 50. Ta gudu zuwa Kano wurin gwaggonta Hajiya Kumatu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Kamannin da ke tsakanin Abu da marubuciyar a fili yake, amma abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne inda suka rabu. Balaraba 'yar birnin Kano ce, Abu kuwa an kai ta ƙauye. Ana iya cewa wannan ma wata rigar kunya ce, domin ta nesanta labarin daga unguwarsu. Sai dai wannan dabara ta jawo wa littafin wani rauni, wato ta sa ya yi kamar auren wuri da hana 'ya mace karatu ciwon ƙauye ne kawai, alhali rayuwar marubuciyar kanta shaida ce cewa ana yin sa a cikin ganuwa, har a manyan gidaje. Mai karatu ɗan birni yana iya rufe littafin yana ganin da wasu ake.

A ɗaya ɓangaren kuma, littafin ya juya hoton da aka saba gani na birni. A Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, saurayi ne ya baro ƙauye ya shigo birni ya lalace, saƙon kuma shi ne a zauna a gida a yi noma. Ga Abu kuwa, gidan uba ne wurin haɗari, birni ne mafaka. Bambancin ya samo asali ne daga wanda yake ba da labarin, domin abin da namiji yake gani a matsayin rufin asiri a ƙauye, shi ne yarinyar take gudu. Da wuya a ce editan da yake tunanin littafin makaranta ya bar wannan hoto na mahaifi ya wuce yadda yake, balle yadda aka kwatanta abin da ya faru da Abu a ɗakin Sarkin Noma. Marubuciyar ta sha suka a kan littafin daga masu ganin ta ci mutuncin iyaye da al'ada, kuma ita kaɗai ta ɗauki sukan.

Wani abin lura shi ne yadda garin Kano yake fitowa. Ba a tsaya siffanta ganuwa ko Dala ko Kurmi domin burge baƙo ba, saboda ba baƙo ake rubuta wa ba. Kano a nan mutane ce: gwaggo mai ɗaki, maƙwabciya mai ba da shawara, makarantar da matar da aurenta ya mutu za ta iya shiga. Gudun Abu ma bai fitar da ita daga dangi ba, daga hannun uba ta koma hannun 'yar'uwar uba. Wannan ya nuna iyakar tawayen da marubuciyar ta yarda ta yi.

3.4 Abin da Rashin Edita Ya Jawo

Ba za a yi adalci ba idan aka tsaya ga ribar kawai. Matsalar ƙa'idojin rubutu ta zama ruwan dare a littattafan wannan zamani, musamman wajen raba kalmomi da haɗa su da kuma haruffa masu ƙugiya, waɗanda yawancin tafiretoci ba su da su. Ba sai an je nesa ba, sunan ɗaya daga cikin littattafanta an rubuta shi Alhaki Kuykuyo Ne, alhali a daidaitacciyar Hausa kwikwiyo ake rubutawa. Haka kuma al'adar kasa labari kashi-kashi, a sayar da na ɗaya a samu kuɗin buga na biyu, takan sa a ja zance inda bai kamata ba, a kuma yanke shi inda aljihu ya ƙare.

Amma babban abin da edita zai iya tayar da magana a kansa shi ne yadda ake warware rikici. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaranta, 'yarta Saudatu kuma ta auri mai arziki. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, dangi kuma suka matsa wa Rabi ta koma ɗakinta. Sassan da suka fi rai a littafin su ne na lissafin kuɗin cefane da kuɗin makaranta da faɗan tsakar gida, waɗanda a bayyane yake marubuciyar ta san su kamar yunwar cikinta. Gobarar kuwa daga waje aka jefo ta domin a hukunta mai laifi, kamar yadda karin maganar da aka sa wa littafin ta yi alkawari. Mai saye yana son ya ga alhaki ya kama mai shi kafin shafin ƙarshe, marubucin da kuɗinsa yake cikin littafi kuwa ba ya wasa da abin da mai saye yake so.

Komawar Rabi kuma wani abu ne daban, kuma a nan mai wannan nazari bai yarda da masu ganin ta a matsayin gazawa ba. Ba a nuna Rabi tana murna ba, an nuna an fi ƙarfinta ne. Wanda ya san yadda ake sasanta aure a gidajen Hausawa, inda surukai da 'yan'uwa maza suke yanke magana saboda 'ya'ya, ya san haka abin yake ƙarewa sau da yawa. Da an gyara wannan wuri an ba Rabi nasarar da za ta faranta ran mai karatu, da an ɓata gaskiyar littafin. An mayar da labarin fim a 1998, sannan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga a 2012, da Rabi a gidan Alhaji Abdu kamar yadda marubuciyar ta bar ta.