Jinjina ga Masu Kula da Tsohuwar Lee-Enfield

A Ingila da Kanada akwai mutanen da suka mayar da kula da tsohuwar bindigar soja sana'ar zuciya, kuma sun cancanci jinjina. Abar ƙaunarsu ita ce Lee-Enfield, bindiga mai sakata wadda rundunar Birtaniya ta karɓa a 1895, mai cin harsashi goma. Irinta kakanninmu suka saɓa a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Kalli ɗaya daga cikin masu kula da ita bayan harbi. Tsohon harsashin soja yana barin gishiri a cikin bututu, gishiri kuwa tsatsa yake jawowa. Sai ya zare sakatar, ya tsiyaya tafasasshen ruwa ta mazurari, ya zura igiya mai tsumma har cikin ya yi ƙal, sannan ya shafa mai. Katakon ma da tafin hannu yake murza masa mai, ba ya kankare tambarin masana'anta don neman sheƙi.

Dakarun sa kai na arewacin Kanada ma sun riƙe wannan bindiga fiye da shekara 70. Sannunku da aiki, masu adana tarihi.