Faifai a Bango, Zafi a Ɗaki

Wani salo ya shigo sababbin gidajen masu hali a Kano da Abuja da Yamai: a jera faya-fayai masu launi a bangon falo, a ajiye adudu a lungu, a ce gida ya dawo kan al'ada kuma yana tausaya wa muhalli. Sai dai bangon nan bulon siminti ne, sama kwano ne, tagogin gilashi sun fuskanci yamma, na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ta hutawa sai man janareta ya ƙare. A ganina an ɗauki kwalliyar an bar aikin, domin a gidan Bahaushe kayan saƙa ba don kallo kawai aka yi su ba. Suna cikin dabarar da gidan yake yaƙar zafi da ita.

A dubi asabari. Siraran karan ciyawa ne aka jera aka ɗaure da zare, a rataya a bakin ƙofa. Yana tare hasken rana da idon baƙo, iska kuwa tana ratsa tsakanin karan ta shiga ɗaki, abin da labulen yadi mai kauri ba ya yi. Zanar gamba ita ce rumfar tsakar gida, inda ake wuni idan ɗaki ya ɗau zafi. Tabarmar kaba a kan daɓe ba ta riƙe gumi kamar ta roba. Duk waɗannan suna aiki ne tare da bangon tubali mai kauri, wanda yake shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa ciki sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito da shimfiɗa waje. Magini da masaƙi matsala ɗaya suke warwarewa, shi ya sa raba sana'arsu ya mayar da ɗaya kayan tarihi, ɗaya kuma tsarabar masu yawon buɗe ido.

Masu suka za su ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, kuma ba ƙarya suka yi ba. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, a Satumban 2024 kuma ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Damagaram. Wannan abin baƙin ciki ne da bai kamata a rufe shi da kirarin gargajiya ba. Amma abin da yake nunawa shi ne ginin ƙasa yana son kulawa: yaɓe a kan kari, makuba ta ɓawon ɗorawa, indararo da ke jefa ruwa nesa da gindin bango. Inda aka gyara wannan rauni, ƙasa ta tsaya. Mai zanen gida Francis Kéré ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando na Burkina Faso a 2001 da bulon yumɓu da aka sa wa siminti kaɗan. Bai guji kwano ba, ɗaga shi ya yi sama da silin na yumɓu ya kuma faɗaɗa bakinsa, ta yadda iska mai zafi ke ficewa ta tsakani, ruwa kuma ba ya dukan bango. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker ta zanen gine-gine. Kusa da gida, masu zanen gida Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin Dandaji a Nijar ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018.

Suka ta biyu ta fi nauyi, domin ba ta fasaha ba ce. A idon mutane da yawa gidan ƙasa shaidar rashi ce, wanda ya samu kuɗi kuwa siminti yake fara saye don a san ya samu. Ba na ganin wa'azi kan cewa masana'antar siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya zai sauya ra'ayin mai gida. Kuɗin wuta da na mai su za su sauya shi, da kuma ganin makwabcinsa yana barcin rana a watan Afrilu ba fanka.

Akwai kuma iyaka da dole a amince da ita. Giginyar da ake fasa azara daga jikinta tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ta kuma yi ƙaranci a wurare da dama, don haka ba kowane rufi ne zai koma na azara ba. Kaba da gamba kuwa suna sake tohowa bayan yanka, kuma a nan ne masu zanen gida suka fi sakaci. Da za a sa asabari a cikin zanen gida tun farko, a auna faɗin taga a kai wa masaƙi kamar yadda ake kai wa mai walda, da matar da ke saƙa a ƙauye ta samu ciniki duk lokacin da rana ta cinye tsohon, maimakon jiran ranar da wani zai sayi faifai ɗaya ya rataya.