Gidan Ɗantata da Siyasar Kano: Tsokaci a kan Littafin Whitaker

Manufar wannan takarda ita ce ta auna littafin C. S. Whitaker mai suna The Politics of Tradition, wanda ya fito a 1970, da ma'aunin tarihin gida guda a Kano, watau gidan Alhaji Alhassan Ɗantata.

Jigon littafin shi ne cewa tsakanin 1946 da 1966 siyasar jam'iyyu ba ta rushe tsarin sarauta a Arewa ba, sarautar ce ma ta shiga rigar jam'iyyar NPC ta ci gaba da mulki. Wannan magana tana da tushe, kuma marubucin ya yi ƙwazo wajen kafa hujjojinta. Inda muke da ja shi ne yadda nazarin ya fi karkata ga ƙafa biyu, masu sarauta da talakawa, alhali kuwa murhun siyasar Kano duwatsu uku gare shi. Na ukun su ne attajirai.

Alhassan Ɗantata ɗan Agalawa ne, an haife shi a Bebeji. Da fataucin goro ya tashi, sa'an nan cinikin gyaɗa ya ɗaukaka shi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Har ya rasu a 1955 bai zama ɗan siyasar dandali ba, ya dai kusanci fada. 'Ya'yansa ne suka fito fili. Ahmadu ya zauna a Majalisar Dokokin Jihar Arewa ƙarƙashin NPC. Mamuda, wanda sunan kamfaninsa na jigilar alhazai, WAPA, ya bi wata kusurwa ta Fage har yau, ya taɓa goyon bayan NEPU. To, a wane ɓangare za a sa gidan da ya ba jam'iyyun biyu 'ya'ya? Ba gidan sarauta ba ne, kuma ba wanda zai kira su talakawa sai da murmushi.

Babban abin lura ya zo ne bayan shekarar da littafin ya tsaya, saboda haka ba laifin marubucin ba ne, amma ya nuna iyakar ra'ayinsa. Aminu Ɗantata ya ci zaɓen majalisar Arewa a 1961. Soja suka soke jam'iyyu a 1966, aka rage wa En'e iko, amma shi sai ga shi kwamishina a gwamnatin Audu Bako daga 1968 zuwa 1973, yana riƙe da sha'anin ciniki da masana'antu. A cikin wannan tsakani aka yi dokar mayar da hannun jarin kamfanonin baƙi ga 'yan ƙasa ta 1972. Mazauna Ɗorayi ba sa bukatar dogon bayani game da abin da ya biyo baya: masana'antu sun zarce Bompai, sun bazu Sharaɗa da Chalawa, kuma attajiran gida sun sami babban rabo a ciki.

Wani zai so ya kwatanta gidan da na Adams a Amurka, inda John Adams ya zama shugaban ƙasa a 1797, ɗansa John Quincy kuma a 1825. A ganinmu kwatancen bai zauna ba. Can mulki shi ne gadon. A nan ciniki ne gadon, kujerar mulki kuwa shinge ce da ake kewaye shi da ita idan bukata ta taso. Shi ya sa Aliko Ɗangote, jikan Sanusi Ɗantata ta wajen uwa, bai taɓa tsayawa takara ba.