Kuɗin Laraba da Malaman da Ba a Ambata: Nazari Daga Karare

A Karare, kamar sauran garuruwan Batsari da Safana, ba a tura yaro makarantar allo ranar Laraba hannu rabbana. Ko nawa ne, uwa za ta kwance bakin zane ta damƙa masa ya kai wa malam, kafin a tashi hutun Alhamis da Juma'a. Kuɗin Laraba ke nan. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa albashi, don ba ya ko cefanen kwana biyu. Aikinsa shi ne ya tuna wa yaro da iyayensa, kowane mako, cewa akwai wanda ake ci wa bashi.

Ba a nan girmamawar ta tsaya ba. In yaro ya wuce babbaƙu da farfaru ya kama surori, akwai wuraren da ake tsayawa a yi sadaka: ya kai Sabbi, ya kai Amma, ya kai Tabara, sai a dafa abinci a kai makaranta. Ranar sauka a yi wa allo zayyana, a yi walima, mai hali ya ɗinka wa malam riga ko ya ja masa rago. Almajiran da ke kwana a tsangaya su ke nome gonar malam da damina, da kaka kuma manoma su kai masa damin zakka. Ba ofis, ba takardar biyan kuɗi, amma gari ya ɗauki nauyin malaminsa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne makarantar zaure, wadda ba ta da ranar gamawa. Bayan asuba ko bayan la'asar, za ka tarar da magidanta, wani da furfura har gemu, kowa da littafinsa a cikin gafaka. Wannan yana Ahalari, wancan ya kai Iziyya, na gefe yana fama da Risala, wani ya shiga Askari. Kowa ya matso ya ɗauki ƙarinsa, malam yana fassara, ɗalibi yana amsawa da "na'am, Allah gafarta Malam", sauran suna saurare suna tsintar abin da ba su kai ba ko suna bitar abin da suka wuce. Ba jarrabawa, ba aji, ba wanda zai ce maka ka tsufa da karatu. Mahauci ya tashi daga nan ya tafi kasuwa, manomi ya saɓi galma. In littafi ya ƙare a buɗe wani, in malam ya rasu a nemi wani malamin. Masana ilimin zamani sun daɗe suna taruka a kan yadda za a sa babba ya ci gaba da koyo har ƙarshen rayuwarsa. Zauren malam ya riga su warware wannan tun ƙarnoni da suka wuce.

Akwai kuma wata godiya da ta fi riga da rago daɗewa, wato ambaton suna. Malamin zaure ba ya cewa ya san littafi kawai, sai ya faɗi wurin wanda ya karanta shi, shi kuma wancan wurin wa ya ɗauko. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta a kan haka, Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a hannunsu, har da mahaifinsa da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru. A birnin Katsina har gobe ana ziyarar Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, malaman ƙarni na 17. Mutum ya yi shekara ɗari uku da rasuwa ana kiran sunansa ana yi masa addu'a, wace lada ce ta kai wannan a wurin mai koyarwa?

To, amma mutumin Karare ba a zauren malam ya koyi yawancin abin da yake ci da shi ba. Wa ya koya masa ya bambanta ruwan shuka da yayyafin da ke yaudarar mai gaggawa ya yi asarar iri? Wa ya nuna masa lokacin da binne ke da riba da lokacin da yake caca? A gandu ya koya, yana bin bayan mahaifinsa ko yayansa kuyya-kuyya. A nan ya ga yadda ake saka wake a ƙarƙashin gero, ya san fegin da ya dace da dawa da wanda sai maiwa ko gyaɗa, ya gane cewa in ƙuduji ya cika gona to ƙasa ce ke kukan gajiya. A nan aka hana shi saran gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. Ya ga tsoho yana zagaya gona kafin girbi yana zaɓen zangarniyar da ta fi cika, ya ware ta don irin baɗi. Da ya tasa aka yanka masa gayauna, wato an ba shi inda zai gwada hannunsa, ya yi kuskurensa ba tare da ya jawo wa gida yunwa ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta kuma fitar da littafi a kan ƙauyen a 1972, ta yi dogon bayani a kan gandu ta fuskar tattalin arziki. Ni kuwa ina ganin gandu makaranta ce kafin ya zama komai, kuma duk lokacin da gandu ya watse, ba gona kaɗai ake rabawa ba.

Haka abin yake a maƙera. Yaro zai daɗe yana zuga kawai, idonsa na kan wuta, har ya san launin ƙarfen da ya nuna. Daga nan a ba shi awartaki, daga baya masaba. Ba a yi masa dogon bayani. In ya yi daidai a yi shiru, in ya kauce a daka masa tsawa. Ɗan wanzami ya fara da ɗaukar zabira da wasa aska. Yarinya ta koyi daddawa a gefen kakarta, tun daga wanke kalwa har zuwa sanin ranar da ta ruɓa daidai, ta koyi matsar mai da toya ƙuli-ƙuli, ta koyi yadda ake jiƙa rogo a sarrafa shi. Da dare kakar nan dai ita ce mai tatsuniya, kuma daga bakinta yaro ke fara jin yadda ake jera magana. Yau an ƙara da teloli da masu gyaran babur da masu gyaran waya a Batsari, kuma tsarin bai sake ba: ka yi wa maigida hidima, ka sa ido, wata rana a yaye ka.

Waɗannan malamai ba su da Laraba. Ba a yi musu walima, ba wanda ke jero sunayensu. Da abu biyu ake biyansu: ƙarfin yaro muddin yana koyo, da biyayya don neman albarka. Bahaushe ya yarda cewa sana'ar da aka rabu da maigida baram-baram ba ta yin auki, shi ya sa za ka ga wanda ya fi ubangidansa kuɗi nesa ba kusa ba yana tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi, ya kai masa goron sallah. Wannan ɗabi'a ce mai kyau, ba na ƙin ta. Sai dai tana mutuwa tare da mutanen biyu. Jikan maƙeri zai iya gaya maka malaman da kakansa ya yi wa karatun Ishmawi, amma da wuya ya san wanda ya koya wa kakan nasa ƙira, in ba gado ba ne. Mata kuwa abin ya fi muni, don ko a cikin gida ba a lissafa abin da suka koyar a matsayin ilimi. "Aikin gida" ake ce masa.

Kada kuma a ɗauka duk abin da tsoho ya faɗa gaskiya ne. Masu sana'ar gado suna da halin ɓoye abu, a ce asiri ne ba a ba bare, har maɗori ko mai maganin maciji ya tafi kabari da abin da ya sani saboda ɗansa ya tafi birni. Wani maigidan kan riƙe yaro shekara da shekaru yana ci da guminsa da sunan albarka. Wani abin kuma da aka gada cuta ne tsantsa. Likitoci a asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon wuta, da yawan shan kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ungozomar da ta san kwanciyar ciki da tafin hannunta ita ce kuma ke tsayawa kai da fata a kan wannan. Girmama ta bai hana a ce mata a nan kam an yi kuskure, Inna. Matsalar al'adarmu ita ce ba ta koya wa ɗalibi yadda zai yi wa malami gyara cikin ladabi ba. Ko dai ya haɗiye duka, ko ya yi boko ya watsar da duka.

Wanda ke shakkar cewa ilimin talaka na da nauyi, ya leƙa Maraɗi, nan bayan Jibiya. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen dasa itatuwa a Nijar, akasarinsu suka mutu. Abin da ya yi aiki daga 1983 shi ne dabarar barin kututturen da ke tohowa a gona, a rage rassansa a bar masu ƙarfi su girma. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, shi ya yi suna da yaɗa ta, amma manoma ne suka gwada ta a gonakinsu, suka gyara ta, suka koya wa juna daga ƙauye zuwa ƙauye, har ta kai miliyoyin kadada. A 2018 an ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a Suwidin, a shekara ɗaya da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da dabarar haƙa ramuka a zuba taki don tare ruwa. Sawadogo ya ci sa'a an san sunansa. Manoman Maraɗi da suka yi aikin, jimla ake ambatonsu.

Malamin firamare shi ne ya faɗa tsakiya. Akwai lokacin da koyarwa ita ce ƙofar girma: Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai take horarwa, kuma Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa duk sun riƙe alli kafin siyasa. Yau iyaye sun ɗauka gwamnati na biyansa, don haka ba ya cikin masu cin sadaka ko zakka. Albashin kuma ba ya kai shi ƙarshen wata. Ranar 5 ga Oktoba ta kowace shekara a yi jawaban ranar malamai a manyan birane, a 2022 kuma an sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayarsu 65. Wanda ke hawa babur ya bi hanyar da ake tare mutane don ya koyar da ajin da ba benci, ba ƙarin shekarun aiki ne damuwarsa ta farko ba.

Wannan hanya ita ce ta kawo mu ga abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kuma yankin ya sha fama da 'yan bindiga. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar, yawancinsu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. A Disamban shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara. An ƙirga makarantun da aka rufe, amma ba wanda ya ƙirga gandun da ya watse, ko maƙerar da wutarta ta mutu, ko zauren da ɗalibansa suka bazu. Malamin allo in ya yi hijira yana tafiya da allonsa da tawadarsa, ya kafa makaranta a duk inda ya sauka. Ilimin manomi da na maharbi da na mai sassaƙe a jikin wuri yake. Tsohon da ya san kowace fadama da kowane itacen magani a dajinsu, in ya koma zaman gudun hijira a Batsari ko Katsina, ba shi da abin nuna wa jikansa. Akwai ma wata makaranta da ta rushe ba a ko yi mata ta'aziyya ba: wadda ke tsakanin manomi da makiyayi. Da can bayan kaka Bafulatani kan sauka a gona ya bar taki, manomi ya ba shi amanar shanunsa, ya koyi alamun cutar dabba a wurinsa, shi kuma ya koyi hatsi da kasuwa. Yanzu yara sun taso a ɓangarorin biyu ba su taɓa ganin wannan zama ba.

Ba sai an jira gwamnati ba kafin a yi wani abu. Baba ta Karo tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Mary Smith ta zauna da ita a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954 da sunan Baba a bangonsa, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da na Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-ma, da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da yawansu 'ya'yan wannan yanki ne, kuma kowa na da waya mai ɗaukar murya. Ku je wurin tsofaffin nan tun suna da rai. Ku tambaye su abin da suka sani, ku kuma tambaye su wurin wa suka koya, ku rubuta sunayen a cikin kundin, ba a ƙarshen shafin godiya ba. Shugabannin makarantun firamare su gayyato Sarkin Noma da Sarkin Maƙera da mai daddawa su shiga aji su yi darasi, a kuma sallame su da abin hannu kamar yadda ake sallamar kowane malami. Masu zuwa da tambaya kuma, kada ku je musu hannu rabbana.