Jinjina ga Fina-finan Indiya Kan Mutuwar Aure

Masu shirya fina-finan iyali cikin harshen Hindi sun cancanci jinjina, domin sun mayar da hankali kan yaro, wanda shi ne ke ɗanɗana kuɗar rabuwar iyaye alhali ba shi da laifi. A fim ɗin Akele Hum Akele Tum na 1995, wanda Mansoor Khan ya ba da umarni, Aamir Khan ya fito a matsayin uban da ya reni ɗansa shi kaɗai bayan tafiyar matarsa, wadda Manisha Koirala ta fito a matsayinta, har rigimar riƙon yaron ta kai su gaban alƙali. Irin wannan aiki yana tunatar da iyaye cewa ko igiyar aure ta tsinke, haƙƙin ɗa yana nan a wuyansu.