Wasan Kwaikwayo Mai Kiɗa da Waƙa: Ina Matsayinsa a Kwalejojinmu?

Gabatarwa

Duk wanda ya duba yadda ake koyar da adabin Hausa a kwalejojin horon malamai zai tarar an kasa wasan kwaikwayo gida biyu, wato na gargajiya da rubutacce. Na gargajiya akan lissafa sunayensa a darasi ɗaya ko biyu, sannan a shafe zango ana nazarin littattafai irin su Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Littattafan sun cancanci nazari. Amma manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabon ya tauye wasan da talaka ya fi sani, wanda kiɗa da waƙa ke ɗauke da shi.

Waƙa ita ce ginshiƙi

Mu ɗauki tashe, wanda yara ke farawa idan azumi ya kwana 10. A wasan Jatau Mai Magani, yaro yakan yi shigar mai tallar magunguna, yana jero su cikin waƙa, sauran suna amshi. Babu wata tattaunawa sai wannan bayarwa da karɓa. Amshin shi ne ke auna lokacin da ɗan wasa zai tsaya, da inda zai ƙara wani magani don ya ba matan gida dariya. Haka Ga Mairama Ga Daudu na 'yan mata, inda ake koyar da zaman aure cikin raha. 'Yan kama kuwa suna kwaikwayon muryar mai wa'azi, alhali zancensu duk na tuwo da miya ne, kuma abin dariyar yana cikin karin muryar. In aka rubuta kalmomin kurum a allo, an kawo ƙwarya an bar furar a gida.

Muhammad Balarabe Umar ya yi aikin kirki da ya tattara waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Tashe. Sai dai littafi adana kalmomi yake yi. Ba ya adana kiɗan gwangwani ko takun ɗan wasa.

Wa ke iya kallo?

Ɗalibin da ya taso a Mabai, ko wani ƙauye na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a da yakan shiga kwaleji da wannan ilmi a kansa. Ya yi tashe, ya ga kalankuwa bayan kaka, ya ji amadar mata irin ta Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ba a biyan kuɗin ƙofa, domin dandali na kowa ne. Amma wasannin nan na dare ne, kuma dare ya yi tsada a wannan yanki. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020 ya isa shaida. Inda iyaye ke tsoron barin yara su fita bayan isha'i, wasa yakan koma cikin waya, yaro ya zama ɗan kallo bayan a da shi ne ɗan wasa. Saboda haka nauyin da ke kan kwaleji ya ƙaru.

Abin da ya kamata

Akwai abin koyi kusa. A 1979 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sun je Maska ta ƙasar Funtuwa, suka shirya wasa a kan matsalolin mutanen garin, suka nuna shi a gabansu. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke Dutsin-ma da ta Tarayya da ke Katsina za su iya bin wannan sawu. A gayyato makaɗa da 'yan kama cikin aji a matsayin masana, a biya su haƙƙinsu. A sa kowane ɗalibi ya naɗo wasa ɗaya daga bakin dattawan garinsu, ya koya wa 'yan ajinsu, su yi shi da rana a filin kwaleji, a ba da maki a kan aikin kamar yadda ake bayarwa a kan rubutu.

Kammalawa

Waɗannan ɗalibai su ne za su koma firamaren ƙauyuka su koyar. Malamin da ya san tashe a takarda kawai, takarda zai miƙa wa yara. Wanda ya riƙe amshi da bakinsa kuwa, ko an hana fitar dare, yana iya tayar da wasan a harabar makaranta da hantsi.